Yadda Ake Saƙa Gyale a Gida da Tsohuwar Masaƙar Mata

A gidaje da dama na cikin birnin Kano, musamman tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwa, akwai masaƙar da aka jingine a ɗakin ajiya tun rasuwar mai ita. Wata an mayar da sandunanta abin shanya, wata gara ta gama da ita. Idan taku tana nan da sauran ƙwarinta, 'yar'uwa, za ki iya saƙa gyalen da za ki yafa ki shiga taro da shi hankali kwance. Sai dai ki riƙe wannan tun farko: kakanninmu gwado da zane suka fi saƙawa a kanta, kaya masu kauri da ake so su yi shekaru suna shan wanki. Shi kuwa gyale so ake ya kwanta a kafaɗa, ya bi jiki, iska ta ratsa shi. Masaƙar ita ce dai, amma zaren da za ki zaɓa da nauyin hannunki dole su bambanta da nasu.

Masaƙar da nake nufi ita ce ta mata, ta tsaye, wadda ake jinginawa da bango. Ba ta maza ba, mai mataka da ƙoshiya da kunkuru, wato nauyin da ke riƙe zare daga can nesa. Ta maza siririn ƙyalle take fitarwa, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a samu zane. Turkudin Kura da Buzaye ke naɗawa, faɗin kowane ƙyallensa bai wuce inci 1 ba. Ta mata kuwa a zama ɗaya take ba ki faɗin inci 20 zuwa 24, kuma ba ta cin wuri. Gefen rumfa ya ishe ta.

Fara da duba masaƙar

Ki fito da komai tsakar gida ki kakkaɓe. Za ki ga itace biyu na tsaye, da ɗaya da ke haɗa su a sama, da ɗaya a ƙasa. Sai wata sanda mai kauri, sau da yawa ta gwangwala, wadda ake ratayawa da igiya daga itacen sama. Ita da sandar ƙasa su ne zare ke kewayawa. Ragowar ƙananan kaya su ne sandar allira, wadda ake jawo rabin zaren tsaye gaba da ita, da sanduna biyu na raba zare, da siririyar sandar da ake naɗa zaren kwance, sai akwasha, wato faffaɗan katakon da ake buɗe zare da shi a kuma buga saƙa.

Ki ƙwanƙwasa kowane itace da bayan wuƙa. Wanda ya zubo da gari, ko kika ji cikinsa fayau, ƙwaro ya cinye shi, ki sake wani. Kafinta zai yanka miki irinsa. Sandar da ta lanƙwashe ma ki ajiye ta, domin za ta sa zaren tsakiya ya yi sako-sako na gefe ya ɗaure. Igiyoyi kuwa kada ki yi jayayya da su, ki saka sababbi. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa a cire ta, tsatsa da wuya take fita daga farin zare.

Akwasha ita ce abin lallaɓawa. Santsin da ke jikinta na shekarun aiki ne, kafinta ba zai iya yi miki shi a wuni ɗaya ba, don haka kada ki bari a kankare ta gaba ɗaya da sunan gyara. Ki ɗauki ɗan curin auduga ki bi bakinta da shi a hankali. Duk inda audugar ta maƙale, nan ne zai tsinka miki zare. Nan kaɗai za ki goge da samfefa mai laushi, sannan ki shafa kakin zuma ko kyandir ki murza da tsumma. Kada ki sa man gyaɗa ko manja, zai fito a jikin gyalen.

Zare

Zaren tsaye shi ke shan ja da gogayya daga farko har ƙarshe, don haka ƙarfi ake nema a wurinsa. A gyalenki na farko ki sayi zaren auduga na kamfani, siriri, mai murɗi biyu. Ki ja shi tsakanin hannayenki: idan ya tsinke da ƙara bayan kin sa ƙarfi, ya yi, idan ya zare salalam ba tare da ya yi gardama ba, ki bar shi don kwance. Zaren kwance shi ne inda za ki nemi laushi. Zaren kaɗin hannu, wanda aka kaɗa da mazari, ya fi komai daɗi a nan, amma ki nemi siriri. Abawa mai kauri ta gwado ce. Ki tambaya a Kasuwar Kurmi wajen masu kayan saƙa, na kamfani kuma a Kantin Kwari ko Sabon Gari.

Ba duk abin da aka kira auduga ne auduga ba. Ki yanki ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake ya dunƙule da warin leda. Ulu na roba yana da ɗumi a hunturu, amma yana miƙewa idan an ja shi, kuma a zafin Kano na watan Afrilu babu mai iya yafa shi. Ni dai auduga nake zaɓa.

Idan kina son shuɗi ko baƙin rini, a zare ake rinawa kafin saƙa. Ki kifa kujera ki kewaya zaren a ƙafafunta ya zama ɗauri, ki ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu don kada ya cukurkuɗe. Idan kika tamke, wurin ƙullin fari zai fito. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, sannan ki kai marinar Ƙofar Mata, wadda masu rinin wurin ke cewa tana nan tun 1498. Zaren yana fitowa daga ramin baba da kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa ne ke ƙara masa duhu, don haka ki gaya wa marini daidai duhun da kike so. Da kin dawo ki ɗauraye har ruwan ya fita garau. In kin yi kasala a nan, ranar wankin farko shuɗin zai malale kan farin.

Awo kafin a taɓa masaƙa

Ki nemo tef irin na tela da rula. Ki naɗa zaren tsayen a jikin rula, zagaye kusa da zagaye ba tare da sun hau juna ba, har ya cika inci 1, ki ƙirga. Rabin abin da kika samu shi ne yawan zaren da za ki jera a kowane inci. Misali kin samu 40, to 20 ke nan. Gyale mai faɗin inci 24 zai ci zare 480. Tsofaffin masaƙa matse zaren tsaye suke yi har ba a ganin na kwance, abin da ke ba gwado ƙarfinsa ke nan. Ke rabin nan za ki bi.

Tsawo kuma daga tazarar sandunan nan biyu yake fitowa, tunda zaren kewaya su yake yi gaba da baya. Ki ɗaure sandar sama ta yadda tsakaninta da ta ƙasa zai zama inci 46. Zagaye ɗaya, haɗe da kaurin sandunan, zai kai kimanin inci 96. Wajen inci 14 ba zai saƙu ba, shi zai zama geza. Saƙa da wanki kuma za su cinye kusan kashi 10 cikin 100. Abin da zai rage miki yadi 2 ne, daidai gyale. A wannan lissafi zaren tsaye zai kai yadi 1,280, na kwance wajen 1,000. Ki sayi fiye da haka a lokaci ɗaya, musamman mai launi, domin rinin yau da na gobe ba sa zama ɗaya.

Wadari

Wadari, wato jera zaren tsaye a masaƙa, nan ne aikin yake. Gyalen da aka yi wa wadarin gaggawa babu ƙwarewar hannun da za ta gyara shi daga baya. Ki zaɓi lokacin da kika gama girki, yara suna makaranta, ki wanke hannu. In da hali ki samu mai miƙo miki zare ta baya.

Ki auna tazarar sandunan a dama da hagu ki tabbata ɗaya ce. Sannan ki ɗaure sandunan raba zare guda biyu a gicciye a jikin itacen tsaye, a gaban masaƙar, ɗaya sama da ɗaya, tsakaninsu kamar tafin hannu. Ki yi alama da alli a sandar sama da ta ƙasa, kowane inci, daga inda gyalen zai fara zuwa inda zai ƙare, kuma ya zauna a tsakiyar masaƙar.

Ki ƙulla bakin zaren a sandar ƙasa ta hagu. Ki haura da shi ta gaba: ya bi ta gaban sandar raba zare ta ƙasa, ya shiga ta bayan ta sama, ya haye sandar sama, ya sauko ta bayan masaƙa, ya zagayo ƙarƙashin sandar ƙasa. A zagaye na biyu ki juya: ta bayan ta ƙasa, ta gaban ta sama. Na uku irin na farko, na huɗu irin na biyu, haka har ki gama. Idan kin leƙa ta gefe za ki ga zarurrukan sun gitta juna a tsakanin sandunan biyu. Wannan gicciyen shi ke riƙe kowane zare a layinsa. Idan biyu suka bi hanya ɗaya a jere, layi zai fito a jikin gyalen tun daga sama har ƙasa. Saboda haka duk zagaye 20 ki tsaya, ki ƙirga a wurin gicciyen, ki ga sun cika inci ɗaya na allin da kika zana, sannan ki ci gaba.

Jan hannunki ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Yawanci mutum yana farawa da ƙarfi, gajiya ta sa ya sassauta, sai gefe ɗaya ya ɗaure ɗaya ya yi laƙwas. Kada ki ja da ƙarfi ma sam, ki dai bar zaren ya kwanta a miƙe. Igiyoyin sandar sama ne za su ɗaure shi daga baya. Lokaci-lokaci ki rufe ido ki shafa bayan hannunki a kan zaren daga hagu zuwa dama. Fata tana jin wanda ya saki kafin ido ya gan shi. Ya fi kyau a gama wadari a zama ɗaya, don hannun safe da na yamma ba ɗaya ba ne.

In kina son ratsi, a nan ake sa shi. Ki yanke farin ki ƙulla shuɗin, ki yi zagayen da kike so, ki koma fari. Amma duk ƙulle-ƙullen su faɗo a layi ɗaya, a daidai sandar ƙasa, inda almakashi zai bi a ƙarshe. Ratsi a gefe da gefe da farin tsakiya ya ishi gyalen farko kyau. Zare biyu na bakin kowane gefe ki ruɓanya su, bakin gyale ne ke fara cinyewa.

Da kin gama, ki kwance bakin farko daga jikin sanda ki ƙulla shi da zaren da ke kusa da shi, na ƙarshe ma haka. Idan kika bar shi a ɗaure da sanda, zaren ba zai juyu ba lokacin da kike buƙata. Yanzu ki ja igiyoyin sandar sama, dama kaɗan hagu kaɗan, har zaren ya miƙe yana dawowa idan kin danna shi. Ki jawo layin ƙulle-ƙullen ya koma ɗan bayan sandar ƙasa, yadda inda za ki fara saƙa zai kasance inci 7 sama da shi.

Masaƙar mata ba ta da matsefi, babu abin da zai hana zaren taruwa wuri ɗaya sai dabararki. Ki ninka wata igiya mai kauri biyu, ki ɗaure a itacen hagu can ƙasa, ki bi zaren huɗu-huɗu kina murɗa igiyar a tsakaninsu kamar mai kitso, har ki kai itacen dama ki ɗaure. Ki yi irinta a sama. Su za su riƙe miki tazarar nan ta 20 a inci.

Allira

Sandar raba zare ta sama za ta zauna har ƙarshen aiki, ita ke ba ki buɗi na farko, wato gurbin da zaren kwance zai bi. Ki ɗaura igiya daga bakinta zuwa ɗaya bakin don kada ta zame ta faɗi. Zarurrukan da ke bayanta su ne allira za ta riƙa jawowa gaba, kuma su ne a yanzu suke gaban sandar raba zare ta ƙasa. Ki zura akwasha a wannan buɗin, ki tayar da ita a kan bakinta, ki zura zare mai ƙarfi da santsi daga dama ya fita hagu, ki ɗaure a bakin sandar allira. Daga hagu, ki sa yatsa tsakanin zare na farko da na biyu ki jawo zaren nan mai santsi ya yi hanci, wato ɗan madauki, ki murɗa shi sau ɗaya ki rataya a sanda. Tsakanin na biyu da na uku ma haka. Kowane zare da hancinsa, 240 ke nan. Tsawon hancin ya zama ɗaya, kamar faɗin yatsu uku, in ba haka ba wasu za su taso wasu su ƙi. Idan kin gama ki bi bayan sandar da wani zare ki ɗaure hancunan don kada su zame, sannan ki zare sandar raba zare ta ƙasa, aikinta ya ƙare, ta sama kuma ki kwance ta daga jikin itacen tsaye.

Saƙar kanta

Ki zauna a kujera 'yar tsugune, saƙar tana daidai cikinki. Daga ƙasa ake farawa a yi sama. Motsi biyu ne kawai ake maimaitawa. Na farko: ki sauko da sandar raba zare kusa da allira, ki zura akwasha a buɗin da ya bayyana ƙasa da allirar, ki tayar da ita, ki wuce da zaren kwance. Na biyu: ki zare akwasha, ki tura sandar can sama, ki jawo allira wajenki kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, ki zura akwasha a sabon buɗin. Kafin ki tayar da ita, ki sauko da ita ki danna zaren da kika wuce da shi ɗazu. Sannan ki tayar, ki mayar da zaren kwance ɗaya gefen. Layi biyar ko shida na farko ki yi su da tsohon zare mai kauri, za a warware su daga baya.

Na ce ki danna, ban ce ki buga ba. Idan kin taɓa ganin tsohuwa tana saƙar gwado, kin ji ƙarar akwasharta daga zaure. A gyale bai kamata a ji wannan ƙarar ba. Ki riƙe akwasha da hannu biyu, ki sauko da ita a miƙe, ki ajiye zaren a wurinsa ki ɗaga. Bayan kin yi inci biyu ki ɗora tef ki ƙirga: layin kwance 16 zuwa 18 a inci shi ake nema. Ki kuma leƙa ta jikin saƙar wajen haske. 'Yan ƙananan ƙofofi masu kusurwa huɗu ya kamata ki gani tsakanin zare da zare. Kada su ba ki tsoro, a miƙe zaren yake, kuma wanki zai rufe su. Idan ba ki ga haske ba sam, hannunki ya yi nauyi. Ki riƙa maimaita awon nan, domin hannu yana komawa ga bugu ba tare da mai shi ta sani ba, musamman idan hira ta yi daɗi.

Abu na biyu da ke ɓata gyale shi ne ƙugu, wato ya fara da faɗin inci 24 ya tsuke zuwa 19 a tsakiya. Dalili shi ne zaren kwance ba a miƙe yake tafiya ba, hawa da sauka yake yi a kan na tsaye, don haka yana buƙatar tsawon da ya fi faɗin saƙar. Idan kin wuce da shi, ki kama bakin da ya juyo da yatsu biyu ya zauna daidai jikin zaren gefe, sannan ki bar sauran a karkace, ɗaya bakin ya ɗaga sama kamar inci 2, kada ki ja. Ki kuma yanko kara ko tsagin gwangwala daidai faɗin gyalen, ki ɗaura allura a kowane baki, ki soke a gefe da gefe ƙasa kaɗan da inda kike saƙa, kina matsar da shi sama duk bayan inci biyu ko uku.

Zaren kwance in ya ƙare, kada ki ƙulla. Ki kwantar da sabon a kan tsohon su haɗu na tsawon inci 1 a cikin buɗi ɗaya, ki ci gaba. Na tsaye in ya tsinke, ki ƙulla sabon guntu da bakin sama, ki bi da shi ta hancinsa na allira in yana da shi, ki naɗe ɗaya bakin a jikin fil da kika soke a saƙar. Bayan an sauke sai ki shigar da bakunan da allura. A hunturu tsinkewar ta fi yawa saboda bushewar iska. Ki yayyafa ruwa kaɗan da yatsu a kan zaren, auduga tana ƙara ƙarfi idan ta ji danshi. In za ki tashi, ki ɗan sassauta igiyoyi ki lulluɓe masaƙar da tsohon zane saboda ƙura da hannun yara.

Idan saƙar ta hau har kin fara ɗaga kafaɗa, lokacin juyawa ya yi. Ki sassauta sandar sama, ki kama saƙar da hannu biyu ki jawo ta ƙasa ta zagaya baya, ki tura allira da sandar raba zare sama, ki sake ɗaurewa. Igiyoyin tazarar nan ki kwance su daga jikin itace kafin ki ja. Za ki lura zaren yana ƙara ɗaurewa da kansa yayin da aiki ke nisa, don haka kowane juyi sandar sama tana ɗan saukowa. Bayan kowane juyi ki auna dama da hagu.

Ado kuwa, a inci 4 na farko da na ƙarshe ya isa. Ki ɗaga zaren tsaye da tsinke bisa zanen da kike so, ki kwantar da zare mai launi, sannan ki bi da zaren kwance na asali a kansa. Ado a ko'ina yana sa gyale nauyi.

Saukewa

Idan farkon saƙar ya zagayo ta sama har tsakaninsa da inda kike ya rage kimanin inci 14, buɗin zai ƙi buɗuwa. Kada ki tilasta. Ki ɗauki allura ki bi bakin saƙar da ɗinkin hannu, kina kama zare huɗu-huɗu, don kada ya warware. Ki sassauta igiyoyi, ki yanke a tsakiyar wurin da bai saƙu ba, daidai layin ƙulle-ƙullen. Ki zare allira, ki warware tsohon zaren farko, ki ɗinke wancan bakin ma.

Geza: ki kama zare huɗu ki murɗa a cinya, ki kama huɗun kusa da su ki murɗa ta hanya ɗaya, ki haɗa su ki bar su su murɗe ta ɗaya hanyar, ki ƙulla bakin. Sai kin gama geza za ki wanke, in ba haka ba za ta cukurkuɗe.

Ki jiƙa gyalen a ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, ki matsa shi da tafin hannu, ki ɗauraye, ki naɗe cikin tawul ya tsane, ki shanya a inuwa. Ki goge tun yana da ɗan danshi. Idan kina son sheƙi, ki kai wa masu bugu da ke gefen marina, ki ce musu gyale ne a yi masa bugu kaɗan. Bayan saƙa da wanki faɗin zai koma inci 21 ko 22. Wadda hakan ya yi wa kaɗan sai ta sake saƙa wani da lissafi iri ɗaya, ta jera su baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ta haɗa da ɗinkin hannu da ragowar zaren tsayen.